Turken Kufan Dargaza

Ni na riga duk mutanen gari ganin wurin. Duk wanda ya ce maka shi ya fara gani, bayan na kai labari gari ya zo, ka gaya masa in ji ni. Da hantsi ne, cikin bazara, lokacin da ɗorawa ta nuna, ina kore da jakunana za ni Dogon Daji. Na ratso ta kufan Dargaza, na kai ido inda turken gwamnati yake tsaye, sai na ga babu turke, sai tarin ƙaya a gurbinsa. Idanun nan nawa da agana ta yi iyakar ƙoƙarinta ta kasa tafiya da su, su suka gani. Amma ba labarina zan ba ka ba. Labarin Na'Allah ne mai bin sawu, mutumin da in akuyarka ta ɓata yakan gaya maka ko sace ta aka yi ko fushi ta yi ta tafi.

Sai ka san Dargaza kafin ka gane abin da ya sa guntun siminti ya tada ƙasa biyu. Gari ne da ya yi zamani, da ganuwarsa, da marinarsa, da masallacin Juma'a. Da Turawa suka zo suka yanka Lardin Sakkwato gunduma-gunduma, sai suka ce Dargaza ta bi Tambuwal. Aka yi shekaru a haka. Shekarar da fara ta cinye gonaki wani Bature ya zo bisa doki, ya dubi rafi, ya dubi tudu, ya ce a'a, daga yau Kebbe za a riƙa kai haraji. Rabin gari suka ce iyayensu ba su taɓa durƙusawa a Kebbe ba, suka ɗauke jinkayen ɗakunansu suka haura arewa, suka kafa Gidan Na'iya. Sauran suka zauna har rijiyar gari ta ƙafe, su ma suka gangara kudu bakin fadama, suka kafa Tungar Ɗangiwa. Mutanen da aka yanke wa cibiya a ɗaki ɗaya suka wayi gari 'yan ƙasa biyu. Garin ya koma kufai. Itatuwa kaɗai suka ci gaba da zama na masu su. Kowace ɗorawa, kowace kuka, an san gidan da ke da ita, mata na komawa ɗiba duk shekara.

Bayan an sauke tutar Turawa, rigimar fadama ta tashi tsakanin garuruwan biyu. Sai En'e, hukumar gargajiya, ta aiko ma'aikatan safiyo, masu awon ƙasa, su kafa iyakar da ba gardama. Suka bi daji suna dasa turakun siminti, kowanne da lamba a kansa, tsawonsa da kaurinsa kamar turmi. Ɗaya ya faɗo tsakiyar kufai. Shi ne ya ɓata.

Kafin Na'Allah ya iso kufai, garuruwan biyu sun riga shi, kowa da sandarsa. Ya tsaya daga nesa ya dubi ƙasa, ya ga an tattake ta kamar filin dambe.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Ɓarawo ya bar mani saƙo, kun zo kun shafe shi da ƙafafunku."

Ba wanda ya saurare shi, don an riga an sami mai laifi. Attahiru na Gidan Na'iya, wanda sabuwar iyaka ta raba shi da gonarsa ta fadama, ya taɓa rantsuwa a tsakiyar kasuwa cewa sai ya tumɓuke turken nan ya yi murhu da shi. Kowa ya ji. Maigari Ɗangiwa ya maimaita maganar a gaban wakilin uban ƙasa, wakili ya ɗaga wa ɗan doka kai, ɗan doka ya damƙi wuyan rigar Attahiru.

"Taɓa turken gwamnati ba wasa na ba," in ji wakili. "Motar En'e na tafe ran Laraba. In turke bai fito ba da wanda yac cire shi, wanga mutum Sakkwato za shi, gidan yari."

Na'Allah ya bi su da kallo. Attahiru taubashinsa ne, ɗan kawunsa, tare aka yi musu kaciya a Dargaza kafin iyaka ta kai ɗaya arewa ɗaya kudu. Ga damina a bakin ƙofa. Magidancin da aka ɗaure a bazara, iyalinsa sun yi asarar shekara.

Ya bari sai da jama'a suka watse, sannan ya shiga kewaya gefen wurin a sunkuye. Can inda ƙafa ba ta kai ba ya ga wani abu: 'yan lanƙwasassun zane a kan yashi kamar jinjirin wata, ɗaya na bin ɗaya, wannan ya karkata dama, wannan hagu. Suka ɗan tafi suka nutse cikin sawun shanu. Ba jan igiya ba ne, ba mirginawa ba ce. Ya san sawun duk abin da ke tafiya a ƙasar nan, daga kura har gafiya, amma wannan bai gane shi ba, ko da yake wani abu a ransa na ce masa ya taɓa ganinsa.

A zauren maigari Ɗangiwa aka tsare Attahiru, da igiya a ƙugu. Yana ganin Na'Allah ya washe baki.

"Ga bawana ya zo gaishe da ubangijinsa. Zamna ka yi mani fifita."

"Ubangiji da igiya ga ƙugu awa ɗan akuya? Yau na ga sarauta." Na'Allah ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya. "Kai kac cire shi?"

"Haba, Na'Allah. Da ni nac cire shi, kana tsammani ƙaya zan tara? Bisa kai zan ɗauko shi in shigo kasuwa da makaɗi bayana."

Wannan gaskiya ne. Tun suna yara Attahiru ko gyaɗar mutane ya tona sai ya dawo gari yana waƙa.

"Bakinka dai yak kai ka nan."

"Na sani." Dariyar ta sauka daga fuskarsa. "Ni ba gidan yari nika tsoro ba. Iri na cikin rumbu, matata Asiya ba ta iya shuka ita ɗai, ɗiya duk ƙanana. Ka duba mani Fulanin Ibrahimu. Turken nan tsakiyar burtalinsu anka dasa shi."

Na'Allah ya duba. Kuma da farko kamar an gama, don daga gefen kufai ya sami wata doguwar shara a ƙasa, alamar an ja abu mai nauyi, da sawun bajimi a gabanta yana dafa ƙasa da ƙarfi. Ya bi ta cikin rana har rugar Ibrahimu. Ga bajimin a tsaye, da sabon gurjin igiya a wuya. Sharar ta wuce shi ta tafi bakin rijiya, ta tsaya a jikin wani gungumen itace da aka fara fafewa don ban ruwan shanu.

Ibrahimu, dogo, mai farin gemu, ya jingina da sandarsa yana kallonsa yana dariya.

"Kaɗo, in kwamin kake so sai ka jira in ƙare sassaƙa."

"Turke nika nema."

"Ni turken da nis sani na ɗaurin maraƙi na. Wancan naku, shanu kewaye shi suke su wuce. Zamanin ubana nan ƙasar Tambuwal ta, zamanina ƙasar Kebbe, yanzu an ce rabi da rabi. Ciyawa dai ba ta sake ɗanɗano ba. Mai karɓar jangali ɗai ka sakewa."

Ya sa aka kawo nono, Na'Allah ya sha.

"Yaushe kab bi ta kufai?"

"Ran Juma'a da azahar, kuna can masallaci. Na ishe ƙaya, ban ishe turke ba."

"Wa kag gani?"

"Ba kowa."

"Ko mutum guda?"

"Wallahi ba kowa. Sai dai mata masu ɗorawa."

Na'Allah ya ajiye ƙwarya ya yi godiya. Shi ma a lokacin bai lissafa mata cikin kowa ba.

A gari kuwa an sake samun wani. Aka ce Ɗanmaliki maƙeri ya taɓa tambayar leburorin safiyo ko akwai ƙarfe a cikin turken. Na'Allah ya je maƙera, ya tarar da shi yana kaifafa kalme.

"Na tambaya," in ji Ɗanmaliki, bai ko ɗaga kai ba. "Sunka ce ƙarfen bai kai kaurin tsinken tsire ba. In fasa gwamnati don tsinken tsire? Tona tokata in kana so, amma ka maida ta yadda ka ishe ta."

Ranar Talata da sassafe Na'Allah ya koma kufai shi kaɗai. Ya zauna a gaban tarin ƙayar ya zuba mata ido. Tun ranar farko kowa ke cewa ɓarawo ya tara ta ne don ya ɓoye rami. Amma mai son ɓoye rami ai cike shi yake ya baje ƙasa, ya bar shanu su tattake. Ƙaya ba ta ɓoye wuri. Kare shi take yi.

Ya sa sanda ya janye rassan ɗaya bayan ɗaya. Turken zagayayye ne, ya kamata gurbinsa ya zama zagayayye. Abin da ya tarar ɗan tudu ne mai tsawo, bai wuce kamu biyu ba, ya miƙe daga kudu zuwa arewa. An yayyafa masa ruwa an daddaɓe, ga shatar tafin hannu nan a bushe, ƙarami, mai siraran yatsu. Ya ɗan kauda ƙasa daga gefe, yatsansa ya taɓa tsingaro, fasassun gutsattsarin tukunya, tsofaffi, an jera su a kife ɗaya na hawan ɗaya.

Ya janye hannunsa da sauri. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Haka ake rufe kabari. Kuma irin wannan tsawon, kabarin yaro ne. A da can, yaron da bai yi wayo ba ba a kai shi maƙabarta, a cikin gida ake rufe shi, bayan ɗakin uwarsa.

Ya maida ƙasa, ya maida ƙaya, ya miƙe ya dubi kewaye. Shekara da shekaru yana ratsa wurin nan kansa a ƙasa yana bin sawun dabbobin mutane, bai taɓa yarda ya ɗaga kai ba. Yau ya ɗaga, sai garin ya taso masa. Ga kukar masallaci inda ladan ke tsayawa. Ga lungun da ke fita marina, inda ƙafafun yara kan yi shuɗi. Can inda sabara ta cika, nan ne gidansu, nan uwarsa Hadijatu kan zauna da yamma tana kaɗi tana kiransa ya shigo kafin a rufe ƙofar gari. Har ƙanshin hayaƙin gidan ya ji. Ya tsaya a haka, bai san iyakar daɗewar da ya yi ba.

Kusa da ƙafarsa wani dutsen niƙa ya leƙo daga cikin yashi, tsakiyarsa ta lotse. Ya san dutsen. A ƙofar ɗakin Kulu yake, matar Ɗan'iya marini, ƙawar uwarsa, wadda kan ba su ƙanzo in sun wuce. Da ya tuna da uwarsa a tsakar gida, sai ya gan ta tana kauda turmi daga rana zuwa inuwa. Ba ta ɗauka. Takan karkata shi bisa gefen gindinsa, ta juya dama, ta juya hagu, turmin na tafiya a gabanta kamar yaro mai koyon tafiya, yana barin jinjirin wata a ƙasa.

Ya tsallake inda shanu suka tattake, ya nufi marina. A bakin lungun zanen ya sake bayyana. Ya bi shi har bakin wata busasshiyar karofi, ramin rini na da. Ya kauda ganye da sanda, ga turken gwamnati a kwance, lambarsa na kallon sama.

Kulu na bayan gidanta a Tungar Ɗangiwa tana dafa kalwa, don da daddawa take ci da kanta tun rasuwar mijinta. Ba ta da ɗa ko jika a raye. Ta tsufa, amma damatsanta na mai daka ne.

"Ɗan Hadijatu, yau hanya ta ɓace maka?"

"Inna, na je gida yau."

"Wane gida?"

"Gida."

Ta ci gaba da tura itace cikin wuta. Ya zauna bisa kututture.

"Na ga dutsen niƙanki yana nan. Na ga an gyara bayan ɗakinki, gyara mai kyau. Kura ba ta iya taɓawa."

Ta juya kalwa da muciya. Da ta yi magana, tukunya take kallo.

"Ɗorawata naj je ɗiba, na ishe sun tona, sun watso tsingaro waje awa shara. Tuluna na, na aurena, ni naf fasa shi da hannuna anka rufa. Sunka ɗora wanga abu mai nauyi bisa ƙirjin…" Ta tsaya. "Bisa wurin. Na yi kwana da kwanaki in na kwanta sai in ji nauyin ga nawa ƙirji."

"Mi kika ishe ciki?"

"Ba komi. Ƙasa mai laushi."

"Inna, gobe za a tafi da Attahiru."

"Na sani. Kana tsammani ban sani ba? Ni nay yi mashi wankan fari." Ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne. "In na faɗi, maida shi za su yi inda yake. Kuma in tsaya gaban maza in ce mi? In ce wa?"

Na'Allah ya gane. Ɗan fari ne. Kai da ka tashi yanzu ba lalle ka san nauyin wannan ba. A zamaninsu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Yaron nan ya rayu har ya fara tafiya yana riƙe bango, kakarsa ke goyonsa, Kulu sai dai ta saci kallonsa. Da zazzaɓi ya ɗauke shi, ko kuka ba ta yi ba a gaban kowa, aka yi ta yaba mata. Daga nan gari ya watse, waɗanda suka san yaron suka bi juna zuwa lahira.

"Ba ni faɗin sunanki," in ji Na'Allah. "Zan gwada in fidda shi ba tare da ke ba. In ya yiwu."

"In bai yiwu ba fa?"

Ya miƙe ya yi mata sallama.

Ranar Laraba motar En'e ta iso da malamin safiyo a ciki. Na'Allah ya roƙi wakili a taru a kufai kafin a tafi da kowa. Garuruwan biyu suka zo, mutanen Gidan Na'iya suka tsaya arewa da kuka, na Tungar Ɗangiwa kudu, mata can baya. Ina nan, a gaba nake, kamar kullum. Aka ciro turken daga karofi aka tsayar da shi bisa yashi mai laushi, wuri ya ɗauki salati.

"Ranka shi daɗe," in ji Na'Allah, "ina son kowane cikin mutum ukun da anka zarga shi kai turken ga gindin kuka."

Aka kwance Attahiru. Ya tofa yawu a hannu, ya rungumi turken, ya ɗaga shi cak yana nishi, ya kai ya dire. Ƙasa ta nuna dugadugansa kawai, sun nutse. Aka dawo da shi. Ibrahimu ya kewaye shi sau ɗaya ya ce a ba shi igiya da sa, shi ba jaki ba ne. Ɗanmaliki ya tura shi da ƙafa ya kwantar, ya mirgina, ya bar shara mai faɗi.

Na'Allah ya kai wakili inda ya kife ƙwarya tun jiya bisa zanen da ya rage a bakin marina, ya buɗe.

"Ga yadda turke yat tafi ran Juma'a, maza duk suna masallaci. Ba ɗayansu da yab bar irin wanga."

Maza suka sunkuya suna kallo, ba wanda ya gane. Wata yarinyar mace daga baya ta leƙo, ta ce, "Ai wanga tafiyar turmi ta!" Mata suka kwashe da dariya, sannan dariyar ta mutu a bakinsu.

"Mace ta, ke nan," in ji wakili. "Wace?"

"Ranka shi daɗe, turke ya fito, kuma ba Attahiru na ba. A bar shi hakanan."

"A'a," in ji maigari Ɗangiwa. "Mace ba ta da gona ga fadama. Aiko ta anka yi. Wa yas san ko matarsa ta?"

Wakili ya gyaɗa kai. "In ba a faɗi ba, da shi da matar duk su hau mota."

Asiya ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Ɗan doka ya sake ɗauko igiya. Na'Allah ya tsaya idonsa a ƙasa, bai waiga wajen mata ba ko sau ɗaya.

Sai aka ga mutane na darewa. Kulu ce. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta zo ta dafa kan turken da hannu biyu, ta karkata shi, ta juya dama, ta juya hagu. Turken gwamnati ya kama tafiya a gabanta har gindin kuka, jinjirin wata na bin sa a baya.

"Ni ta," ta ce. "Ba wanda ya aike ni. Bisa kabari kunka dasa shi."

"Kabari?" Maigari Na'iya ne, na arewa, ya matso. "Ni ga garin nan anka haife ni, maƙabarta na can yamma da ganuwa. Kabarin wa?"

"Na bayan ɗakina."

"Inna," in ji wakili, kuma a hankali ya faɗa, "ba ni iya komawa in ce wa uban ƙasa wani na kwance nan ba suna. Ko dai a tona a gani, ko ki faɗa mani ko wane na, in sami wanda yas san shi."

Da ta ji kalmar tonawa sai ta saki kan turken. Ta dubi tarin ƙayar. Ta dubi Attahiru da igiya a hannun ɗan doka. Tsofaffin mata suka sunkuyar da kai, don sun gane abin da ake nema a gare ta.

"Abdulƙadiri," ta ce.

Kamar ba ta yarda da kunnenta ba, ta sake faɗa, da ƙarfi, yadda uwa kan kira yaro ya shigo gida.

"Abdulƙadiri. Ɗana na fari."

Daga cikin mutanen arewa wata tsohuwa makauniya, Ummu, ta ɗaga sandarta.

"Mai tabo ga goshi? Wanda ka bin kaji da rarrafe? Allah Sarki! Ni nay yi mashi kunun suna. Kulu, ke ta? Taho in taɓa ki."

Kulu ta tsallaka wajen mutanen arewa, ta faɗa jikin Ummu, ta yi kukan da ba ta yi ba tun kafin shekarar fara. Ba wanda ya ce ta yi rashin kunya.

Wakili ya sa aka saki Attahiru. Ya dubi maigarin kudu, ya dubi na arewa, ya tambaya ko akwai mai kai ƙarar tsohuwar nan gaban alƙali. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Malamin safiyo ya ce shi ba shi da ikon karkata iyaka, amma turke ana iya matsar da shi gabas bisa layin, can bayan marina, in an tabbata ba kowa a ƙasa. Na'Allah ya duba masa wuri. Attahiru da kansa ya sungumi turken ya kai, yana tafe yana cewa bawansa ya zo ya share masa zufa.

Da aka gama, Kulu ta matso kusa da malamin.

"Malam, to shi wace ƙasa yake yanzu?"

Malam ya tsaya bayan turke ya rufe ido ɗaya, ya auna da wancan turken na yamma. Ya juyo ya dube ta.

"Inna, layin ta tsakiyarsa yab bi. Kansa na ƙasar Kebbe, ƙafafunsa na ƙasar Tambuwal."

Ta jinjina kai tana kallon ƙayar.

"Ashe shi ɗai bai tashi ba," ta ce. "Shi ɗai yar rage ɗan Dargaza."

Attahiru ya yi shukarsa da ruwan farko. Ba a yi wasu shekaru ba aka wayi gari rediyo na cewa Jihar Arewa kanta an yanka ta, aka ba mu sabon suna. Daga baya aka sake yankawa, aka sake. Lardi ya tafi, En'e ta tafi, ɗan doka ya tafi da jar hularsa. Kulu ta tafi, Na'Allah ya tafi, duk wanda ya tsaya gindin kukar nan ranar ya tafi, sai ni, da haƙorana da ƙafafuna.

Mai musu ya zo ya same ni, gidana ba ɓoyayye ba ne. Amma da ƙafa za mu, ba ruwana da babur. In kai shi kufai, in ɗora hannunsa bisa dutsen niƙan Kulu. In ya iya kaiwa can bai riga ni neman wurin zama ba, to ya tsaya gaban jikokina ya ce ƙarya nake.